Farin Layi a Taswirar Surukin Inna

Maigidana teku yake aunawa, amma ko ƙafa bai taɓa tsomawa a cikinsa ba. Yana zaune a ofis, sanyin na'ura na kaɗa masa ƙeya, wani tauraron ɗan'adam can sama yana harba sigina kan ruwa ta dawo, shi kuma ya lissafa tsayin teku. Yaranmu Baba Milimita suke ce masa, in ya ba da baya.

Na taɓa kai masa abinci ofis, na ce ya nuna mini aikin. Ya ce sai ya fara wanke bayanan tukuna. Ya cire cikowar ruwa da janyewarsa, ya cire tasirin igiyar ruwa, ya cire nauyin iska. Na ce, "To Baban yara, in ka cire duk wannan me ya rage, ruwan randa?" Bai yi dariya ba. Ba ya dariya a gaban kwamfuta.

Damuwata ita ce Inna, mahaifiyata. Gidanta na bakin teku, gishiri ya cinye gindin katanga, ƙofar ɗaki ta kumbura sai an sa kafaɗa. Na yi roƙo, na yi kuka, na yi fushi, ta dawo wurinmu. Ta ce gidan da mahaifina ya gina da hannunsa ba za ta bar shi don tsorona ba, sai in surukinta mai ilimin teku ya ce ta tashi. Na ce shi ke nan, an zo wurin.

Ranar hutu muka je, ya shimfiɗa mata taswira a kan tabarma. Teku duk ja da rawaya, sai wani siririn farin layi da ya bi gaɓa.

Inna ta ce, "Ɗana, jan nan fa?"

"Inda ruwa ke hawa da sauri ne, Inna."

"Mu muna ina?"

Ya ɗora yatsa a kan farin. Inna ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi!"

Ya shiga yi mata bayani wai kusa da gaɓa sigina kan haɗu da ƙasa ta gurɓace, don haka a ofishinsu zubar da bayanan wurin suke yi. Na taka masa ƙafa, na ce a hankali, "Don Allah ka ce mata ta tashi."

Ya ce, "Ba zan faɗi abin da ban auna ba."

Wallahi kamar in shaƙe shi. Ita kuwa Inna abin da ta ɗauka ɗaya ne: an duba daga sama, ba a ga komai a kan gidanta ba. Ta sa aka yi wa taswirar firam da gilashi, ta rataye a falo, duk maƙwabciyar da ta shigo sai an nuna mata.

Wata rana da safe ruwan ya zo. Cikowa ta haɗu da iska da igiyar ruwa, duk abubuwan nan da yake cirewa, suka shigo tare ba sallama. Muka garzaya muka tarar da Inna a kan wani tudu a bayan layinsu, zaninta jiƙe har ƙugu, katangar gabas ta kwanta. Keken ɗinkinta ya tafi, hoton mahaifina ma ya tafi. Abu ɗaya ta ciro, ta ɗora a ka kamar tulu.

Maigidana ya tsaya yana kallon shatin laka a bango. Na ga laɓɓansa na motsi, bawan Allah ƙiyasi yake yi.

Inna ta sauke taswirar, ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta miƙa masa. Ba faɗa a muryarta, shi ya fi ƙona ni.

Ta ce, "Ga ta, ɗana, ban bari ta jiƙe ba. Yanzu ai ka samu abin da za ka sa a farin."