Hannun Aiki

Ranar da za a yi wa mai aski aikin zuciya, matarsa na tsaye a bakin gado, yayansa kuma ya kame kujera ɗaya tilo da ke ɗakin yana ba nas-nas shawarar da ba wanda ya nema. Haka yake tun suna yara. Ƙanin har ya fara furfura, amma in Yaya na wuri ko tari sai ya sassauta.

Likita ta shigo ta yi musu bayani dalla-dalla. Jijiyar da ke ba zuciyarsa jini ce ta kusa toshewa. Ba za a tsaga ƙirji ba, wani siririn bututu za a zura ta jijiyar wuyan hannu, daidai inda ake jin bugun jini, a bi da shi har zuciya a buɗe hanyar. Ta ce ta hannu ya fi ta cinya sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai akan sami ɗaya cikin masu yawa da hannun ke ba shi matsala daga baya. Shi ya sa ita takan bar wa mai sana'a hannun sana'arsa. Sai ta tambaye shi da wanne yake aiki.

Mai aski ya saci kallon Yaya, ya ɗaga dama.

Matar ta dube shi. Ƙarya yake yi, kuma a zatonta ita kaɗai ta sani. Da dama yake ci, da ita yake rubutu da gaisawa, don mahaifinsu ya sha ɗaure masa hagu a ƙugu da igiya, Yaya kuwa shi ne mai kai ƙara. Amma aska da almakashi ba su taɓa yarda da damarsa ba, bahago ne har gobe. In Yaya ya zo aski, sai ya yi ta wasa da mataji a dama har mutumin ya fara gyangyaɗi, sannan ya sauya hannu.

Ta buɗe baki za ta yi magana, mijin ya yi mata wani kallo na roƙo, irin na yaron da ya yi ɓarna. Yaya ya juya yana kallon taga. Ta haɗiye maganar, aka shafe wuyan hannun hagu da magani.

Aiki ya yi kyau. Ya fito idonsa biyu, an ɗaure wurin da wata roba mai matsewa, yana ba su labarin yadda ya ga zuciyarsa a talabijin, wai ashe ba ta da girman da yake zato. Can da yamma matar ta ga gumi na keto masa, bakinsa ya mutu. Da ta yaye mayafin sai ta tarar da hannun ya kumbura tun daga wuya har gwiwa, ya yi tauri kamar icce. Ya daɗe yana jin azabar, amma ya ƙi faɗa don kada Yaya ya ce masa rago. Jini ne ya zuba ta ciki. Aka koma da shi a guje, aka ceci hannun, sai dai jinin ya riga ya danne jijiyar da ke motsa yatsu.

Da suka koma ganin likita, ta ce zuciya garas. Babban yatsa da mai bi masa kuwa, ƙila su dawo, ƙila a'a. Ta murza su, ko gezau bai yi ba. Ta dube shi da tausayi na gaskiya ta ce, "Abin godiya ɗaya, ba hannun aikinka ba ne."

Ya ce haka ne. Matar ta fita baranda ta yi kuka, haushinsa take ji, haushin kanta kuma ya fi.

Duk wanda ya zo dubiya sai mai aski ya ce masa hannu ya warke, har Yaya ma haka ya gaya masa. Ranar da ya buɗe shago matar ta bi shi wai za ta share masa, alhali tsoro ne ya hana ta zama a gida. Yaya ne ya fara zuwa, ya ce shi zai buɗe masa kasuwa. Ya baje a kujera, aka yafa masa ƙyalle, aka shafa masa kumfa a gemu, ya lumshe ido kamar kullum. Mai aski ya jira kaɗan, ya mayar da aska hagu. Ta zame ta faɗi ƙasa. Ya ɗauka da dama, ya tsaya riƙe da ita a saman wuyan yayansa.

Yaya bai buɗe ido ba ya ce, "Mayar da ita hagun mana. Kai ka zaci barci nake yi duk shekarun nan? Rufe ido nake don ka sake. Ranar asibiti ma na ga kunyar likita kake ji, shi ya sa na rufa maka asiri."

Matar ta jingine tsintsiya, ta zare askar daga hannun mijinta ta naɗe, ta sa a aljihun tebur. Yaya na nan kwance ido rufe yana jira, kumfar na bushewa a fuskarsa.