Sifilin Harmen

Shekara ashirin da bakwai Harmen Veldhuis ya yi yana duba ganuwar da ke tare kogi, amma ranar Talata aka ba maganarsa maki sifili.

Haka tsarin ofishinsu yake. In ana son sanin yiwuwar ruwa ya fasa ganuwa, awo kuma bai wadatar ba, sai a tara masana. Kafin a saurare ka, za a gwada ka da tambayoyi goma da aka riga aka san amsarsu. Ba lamba ɗaya za ka faɗa ba, cewa za ka yi daga kaza zuwa kaza. Wanda ya fi dacewa, da maganarsa za a yi lissafi.

Harmen kuwa bakinsa bai iya "wataƙila" ba. Ya matse iyakokinsa tsam, amsoshi bakwai cikin goma suka kuɓuce masa. Lieke, wadda ta zo ofishin bara, takalmanta ko laka ba su sani ba, ta ci tara.

"Ai ko ni in na ce shekarunki daga goma zuwa ɗari ne, ban yi ƙarya ba," in ji shi, suna cin burodi da cuku.

"Haba Harmen, mai yawan buɗewa ma ana rage masa maki. Kai dai cewa 'ban sani ba' ne ke maka wuya."

Aka fashe da dariya. Hassada ta turnuƙe shi, don ya san gaskiya ta faɗa. Shi ya ce ganuwar kwanar kogi sai an gyara ta bana, ita ta ce za ta kai shekara goma. Nata aka rubuta.

Cikin Fabrairu kogi ya cika maƙil. Harmen ya hau keke har kwanar, ya bi gindin ganuwa yana neman inda ruwa ke ɓulɓulo da yashi, alamar ganuwa na shirin fashewa. Babu. Ransa ya ɓaci. Ya ƙara gaba yana tona ciyawa da ƙafa, yana cewa a zuci, Allah ya sa a samu ko ɗan kaɗan ne ma, Lieke ta gani.

Da ya ɗago kai, sai ga rufin gidajen ƙauyensu a bayan ganuwa, ruwan kogin ya fi su tudu, ganuwar ce kaɗai ke tsakani. A tagar gida na uku, matarsa ta hango shi, tana ɗaga masa hannu.

Ya kasa ɗaga nasa.