Igiyar Kamfani

Shekara biyu diflomar Ladan tana kwance a akwati, ƙarƙashin kayan Sallah. Sai ga wani kamfanin kiwon kifi ya kafa keji a tafkin Kainji, kusa da Wara, ya kira shi aiki. Matsayin na can ƙasa ne, zuba wa kifi abinci safe da yamma. Amma akwai albashi duk wata, da riga mai tambari, da alkawarin ƙarin girma in an ga hankalinsa.

Har Ladan ya fara washe baki, sai manaja ya ƙara da cewa sabon ma'aikaci shi ke tsaron igiyar da ta kewaye kejin. Duk masuncin da ya kafa gura, wato tarkon kifi, a cikinta, a kore shi. Igiyar nan kuwa ta haɗa da gurbin da mahaifinsa, Malam Sallau, ya shekara talatin yana kafa tasa.

Kwana uku aka ba shi ya yi shawara, kansa ya ɗaure tamau. In ya karɓa, da bakinsa zai ce wa ubansa ya matsa. In ya ƙi, wani za a ɗauka, watakila marar kunya, ya kori tsohon da tsawa. Da safe yakan hango kansa manaja, kafin azahar kunya ta rufe shi. Abinci ma ya daina yi masa daɗi.

"Mi kaka jira?" in ji Inna. "Kifin tabkin ga ƙarewa shikai. Karɓi abinka."

Malam Sallau dai gyaran komarsa kawai yake yi.

Ran na uku da hantsi Ladan ya yanke zai ƙi, ko da yake sau biyu yana sake shawara kafin ya kai bakin ruwa. Can ya tarar da gurar mahaifinsa gaba ɗaya a tudu, an jibge ta, tana ɗigar ruwa. Tsohon yana ɗaure jirgi.

"Baba, mi ya faru?"

"Wurin ya daina kifi," in ji Malam Sallau, bai ko dube shi ba. "Tai ka amso rigarka tun rana ba ta yi ba."

Ladan ya leƙa cikin jirgin. Tarwaɗa da karfasa ne maƙil, suna ta mutsu-mutsu.