Karan Awo

Murfin ya ƙi rufuwa. Lukmanu ya sake dannawa, gwangwanin ya yi ƙara ya taso.

"Kai, bar danna shi, ba kwandon tumatir ba ne," in ji Dattijo daga kan tabarma.

Dattijo maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su. Maƙerin gwangwani ne, rabin butocin ban-ruwan Kura daga hannunsa suka fito. Tun girbin shinkafa ciwo ya kwantar da shi a zaure, amma a haka ya ƙera wa Lukmanu ɗan akwatin kwamfutar da yake haɗawa, bai fi kwanon awo girma ba. Bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba. Kara yake karyawa daidai tsawon abu. Haka ya auna madabod, ya auna akwatin wuta. Fankar da ke sanyaya furosesa ce kaɗai ba ta zo hannunsa ba, don a hoton waya Lukmanu ya gan ta ya saya. Ga ta nan ta fi akwatin tsayi.

Abu ɗaya tsohon ya nema a bakin aikinsa: a nuna masa hoton hanyar ruwa yadda ake ganinta ta sama, daga dam ɗin Tiga har ƙofar gidansa. Lukmanu ya taɓa gwada masa a waya, ya ce idonsa ba ya kama abu kamar farce.

"Kunna ta haka nan mana."

"Baba, ƙaiƙayi zai shiga. Gobe in je Kano in canjo gajera."

"Kunya kake ji in ga hanjinta? Ni da na ɗinka mata riga?"

Shi Lukmanu so yake a gan ta a gama, a rufe, tsaf.

Dattijo ya zura kara cikin akwatin, ya karya, ya miƙa masa. "Ungo. Wadda ta wuce wannan, ko kyauta ce kar ka karɓa." Ya lumshe ido. "Jiya na yi mafarki ina bin kanal ta sama, ni da balbelu. Ko ciwon ban ji ba. Ashe gonakin nan ta can kamar tabarma suke."

Washegari Lukmanu ya shiga mota. Gonaki kore shar suna wucewa ta taga, ruwa na ƙyalli a tsakaninsu, har gyangyaɗi ya ɗauke shi. A kasuwar Fam Santa ya fito da karan, mai shago ya bushe da dariya.

"Maigida, fanka ka zo saya ko awaki za ka kora?"

Ya bi fankokin ɗaya bayan ɗaya yana jingina musu karan, har ya sami wadda ba ta kai shi ba.

Bayan azahar ya sauka a Kura. Tun daga bakin lungu ya hango tabarmi da takalma. Hammadu, ƙanen Dattijo, ya fito daga zauren riƙe da dogon kara, an riga an karya shi daidai, za a kai wa masu haƙa kabari.

"Ɗazun nan," in ji Hammadu. "Ya sha kunu, ya tambaya ko ka dawo. Sai haƙuri."

Hannun Lukmanu na cikin aljihu, a kan ɗan guntun nasa karan. Bai fito da shi ba.

Bayan sadakar uku Inna Rabi'atu, matar marigayin, ta aika kiransa.

"Kawo abin nan in gani. Ya hana ni sakat da zancensa."

A tsakar gida ya zauna. Ya shafa wa furosesa ɗan man sanyayawa, ya ɗora fankar, ya ɗaure sukurori. Murfin ya zauna da kansa, ko dannawa bai yi ba. Ya jona batirin sola da tsohuwar talabijin, ya ɗauki intanet daga wayarsa, ya buɗe taswirar tauraron ɗan'adam.

Tiga ta bayyana. Ya kama zaren ruwan ya biyo shi a hankali, ta Bunkure, ta cikin gonaki layi-layi, har rufin kwanukan Kura. Ya matso da lungunsu.

"Wancan ƙyallin fa, a ƙofar gida?"

Lukmanu ya daɗe yana kallo. "Butocinsa ne, Inna. Hoton ya kwana biyu."

"To shi yana ina?"

"Ba a ganin ƙarƙashin darbejiya ta sama."

Ta matso, ta ɗora yatsa a kan duhun bishiyar.

"I," ta ce. "Warhaka can yake zama."

Ta hujojin da tsohon ya huda da ƙusa, iskar fankar na fitowa a hankali, tana kaɗa bakin mayafinta.