Man Shanun Kasuwar Laraba

Tun da Babakura ya fito daga ofishin Oga Wilson yake jin kamar ya haɗiyi ƙayar kifi. Shi jami'in tsaro ne na farin kaya a Yola, aikinsa ke nan jin abin da ba a so a ji. A shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta, labari ya iso masa cewa 'yan tada ƙayar baya za su faɗa wa wata kasuwar Laraba a tsallaken iyaka, cikin Kamaru. Ranar kuwa Litinin ce.

Oga Wilson ya ce masa, "Labarin zai bi hanyarsa. Mu aika Abuja, Abuja ta aika musu. Ka manta wancan karon? Mun ba su, maganar ta yoyo, aka yanka mana mutuminmu a gonarsa. Kada in ji a bakinka, Babakura."

Babakura ya san gaskiyar Oga, ya kuma san hanyar Abuja. Kafin takarda ta zagayo, an yi sadakar uku.

Abin da ya ƙara dagula masa lissafi shi ne baƙon da zai ci abincin rana a gidansa. Bobboyi takwaransa ne daga Garwa ta Kamaru, ya zo taron jami'an ƙasashen biyu, irin taron da ake shan lemo ana murmushi kowa na ɓoye abin da ya sani. Bafulatani ne, Babakura kuwa Babarbare, don haka tun haɗuwarsu ta farko wasa ya shiga tsakaninsu, yana kiran Babakura Kolejo, Babakura na kiransa Fulata. Bara ma Bobboyi ne ya kira shi a waya ya ce, "Kolejo, akwai motar kifi da za ta hau gadarku, kifin ya yi wari." Da wannan wasan aka tare motar kafin ta shigo gari, kuma ba kifi aka samu a ciki ba. Babakura aka ƙara wa girma. Bai taɓa faɗa wa kowa daga inda warin ya zo ba.

Bayan azahar mota ta tsaya a ƙofar gidansa a Demsawo. Hosea ne ke tuƙi, wani jami'i da Oga Wilson ya haɗa baƙon da shi, wai don rakiya.

"Ina bawana?" in ji Bobboyi tun daga zaure. "Kolejo, ka fito ka karɓi takalmin ubangidanka."

"Fulata, iska ce ta kaɗo ka? Ka riƙe ƙofa kada ta mayar da kai."

Babakura ya yi dariya yadda ya saba, amma shi kansa ya ji dariyar ba ta da gishiri.

Zainaba matarsa ta kawo burabusko da miyar kuka da bandar kifi. Bobboyi ya ciro wata kwalba daga jakarsa ya miƙa mata.

"Ga man shanu, uwargida. Ki riƙa sa wa wannan bawan, ko zane-zanen fuskarsa sa yi laushi. Na Adda ne, yayata. Duk kasuwar Laraba babu mai irin nata. Asuba take fita da ƙwaryarta, ita da 'yarta."

Zainaba ta zuba man a kan miya, ya narke, ƙamshi ya cika ɗakin. Babakura ya kai loma bakinsa, ta ƙi wucewa. Ya kalli tabarma, ya kalli agogon bango, ya kalli yatsunsa, ko ina ban da fuskar mutumin da ke cin abincinsa yana santi.

"Yau Babarbare ya ga kifi ya kawar da kai," in ji Bobboyi. "Uwargida, a kira liman."

Sai da aka kusa share kwano sannan Babakura ya yi ta maza.

"Fulata," ya ce, "ka ce wa Adda ta huta jibi. Nononku ya yi tsami, ba mai saye."

Bobboyi ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Ka ji ɗan hassada. Nonon da ya raini kakanka?" Ya ci gaba da suɗe hannu, ya koma zancen ƙwallo, yana lissafa sau nawa ƙasarsu ta kunyata Najeriya.

Shi ke nan, in ji Babakura a ransa, na faɗa, shi ne bai ji ba. Ya maimaita wa kansa haka, amma ko sau ɗaya zuciyarsa ba ta karɓa ba. Shi da aka yi masa wasan motar kifi ya gane a take. Nasa wasan kuwa ya yi shi ne can ƙasa-ƙasa, yadda in an tambaye shi gobe zai iya rantsuwa ta kowane ɓangare.

Ya raka baƙon ƙofar gida. Hosea ya tada mota, gilashinsa a sauke. Bobboyi ya sa ƙafa ɗaya ciki. Babakura ya ga kwalbar man nan a idonsa, da ƙwarya, da wata yarinya da bai taɓa gani ba.

Ya riƙe ƙofar motar.

"Bobboyi," ya ce. Bai taɓa kiransa da sunansa ba sai yau. "Ba wasa nake ba. Jibi za su shiga kasuwar Laraba. Ku rufe ta."

Hosea ya juyo ya dube shi, sannan ya mayar da ido kan sitiyari.

Bobboyi ya fito da ƙafarsa, ya ja Babakura gefe kusa da bishiyar darbejiya.

"Kolejo, Kolejo," ya ce a hankali. "Tun a kan tabarma na ji ka. Dariyar me kake tsammani na yi? Na yi ta ne don kada ya zama ka faɗa. Yanzu ga shi ka zubar da tuwonka a gaban ɗan rakiya."

"Da na faɗa tun kana zaure."

"Da ka faɗa." Bobboyi bai musa ba, wannan kuma ya fi zagi ciwo. "Na ga lomar da ta tsaya maka. Na ce bari in ga ko man Adda zai tura ta." Ya matsa hannun Babakura. "Useko. Na gode."

Ya koma mota yana ɗaga murya. "Hosea, mu tafi. Barebari in sun ƙoshi sambatu suke yi."

Hosea bai yi dariya ba. Motar ta bi layi ta ɓace.

Babakura ya tsaya a rana har sai da ƙafarsa ta fara zafi. Ya san gobe da safe zai tsaya gaban Oga Wilson, ya san kuma Oga zai tambaye shi wa zai tsare mutumin da ya kawo labarin idan maganar ta sake yoyo. Amma ba wannan ne ya hana shi ɗaga kai ba da ya koma ciki.

Zainaba tana kwashe kwanuka. "Ba ka ci komai ba," ta ce. "In ƙara maka man?"

"Rufe kwalbar," in ji shi. "Ki ajiye ta sai Alhamis."