Faifan da Ba Shi da Zane

Na so in fasa rubuta wannan, don a aji huɗu na tsaya, kuma ko a gida ba ni da yawan magana. Yaya Badamasi ne ya matsa.

Shi malami ne a wata sakandare a Kabo. Ranar Juma'a ya zo mana Masanawa, ya same ni ina saƙar faifai kusa da kakarmu, Inna Furera. Ya miƙo mini wayarsa. Na ga wani haske mai faɗi, tsakiyarsa a kumbure, bakinsa siriri.

"Waina ce?" in ji Inna.

"Gungun taurari ne, Inna. Haskensa ya yi miliyoyin shekaru a hanya kafin ya iso mu. Ɗalibaina sun kasa gane siffarsa a waya. Ikilima, saƙa mini shi, su riƙe a hannu."

Daɗi ya kama ni. Na jiƙa kaba, na rina da galura, ja da kore da shuɗi, na zuba masa zane mai zagaye. Duk gwanintata na juye a kai.

Da ya dawo ya gani, ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Ya yi kyau, amma ba shi ba ne! Akwai masu hannaye a murɗe kamar wannan. Wanda na nuna miki ba shi da su, sumul yake. Taurarinsa duk tsofaffi ne, haskensu rawaya-rawaya, don iskar da ke haifar da sababbi ta kusa ƙarewa."

"Au, tsohuwa ce irina," in ji Inna. "Ta gama haihuwa tana hutawa. Amma faifai ba zane ba zai fita gidan nan ba. A ce jikata ragguwa ce?"

Ina so aikina ya je makaranta, ina kuma tsoron bakin Inna.

Na sake saƙa wani da kaba zalla, wadda launinta dama rawaya ne. Na haɗa faifai biyu baki da baki, na tada cibiyarsu. Inda ba zane, ba inda kuskure zai ɓuya, don haka sai da na warware shi na sake.

Na ajiye a gaban Inna. Ta shafa shi, ta juya, ta kalli bakinsa a hasken rana.

"Kai, Badamasi," ta ce, "kar ka kuskura ka ce kasuwar Getso ka sayo. Ita za ta kai da kanta."

Washegari na saka hijabina, na hau bayan babur ɗin Yaya da faifan a cinyata. A ƙofar ajin na ɗaga shi sama na yi sallama.