Rakiyar da Ta Kayar da Filomina

Filomina mai sayar da kifi ce, kuma duk ƙauyen masuntan nan na gaɓar Kerala an san kaifin bakinta. Ita ta ja mata suka tare a ƙofar ofishin gwamnati har aka gina katangar da ta hana teku cinye gidaje. Ba ta fashin coci, kuma kowace shekara ita ce a gaba, carbi a hannu, a tattakin da 'yan Katolika ke yi na ƙin zubar da ciki. Da ta fito takarar kansila, kowa ya ce ta riga ta ci.

Zaɓe ya matso sai maƙwabciyarta Jasinta ta shigo mata da kuka. Tana da yara uku ƙanana, ga ciki, kuma likita ya ce zuciyarta ba za ta kai ta haihuwa ba.

"Yaya, na riga na yanke shawarar a cire cikin. Rakiya kawai nake nema."

 Filomina ta roƙe ta ta dakata, ta kai ta wurin wani likitan, shi ma abin da ya faɗa ke nan.

"Ban yarda da wannan abu ba, Jasinta, kin sani," in ji ta. "Amma ba za ki je ke kaɗai ba."

Ranar da aka yi aikin, a bakin ɗakin asibitin ta zauna tana addu'a tana hawaye. A nan wata ta hango ta. Kafin Lahadi abokin hamayyarta, Kiletas, ya baza zancen a kasuwa.

"Mai carbi da safe, dillaliyar zubar da ciki da rana! Ta faɗa mana wa ta kai!"

Fada Silvesta, limamin cocin, ya kira ta gefe. "'Yata, ki fito ki yi bayani, mutane za su fahimta."

"Fada, in na yi bayani sai na faɗi suna. Matar tana da yara, kuma a ƙauyen nan za su girma."

Fada bai ƙara matsa mata ba. Ran Lahadi da ta zo karɓar Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da ake rabawa a coci, wasu suka yi ta gyaran murya, shi kuwa ya miƙa mata kamar kullum.

Filomina ta faɗi zaɓen, har wasu matan da suka yi zaman neman katanga tare da ita suka juya mata baya. Abin ya yi mata ciwo, ta yi sati ba ta fita kasuwa ba.

Jasinta ta warke a hankali. Wata rana ta zo ta ce za ta tashi a coci ta faɗi gaskiya.

"Ki faɗa, in fasa miki baki," in ji Filomina. "Zauna ki taya ni gyaran kifin nan, rana na yi."